A Dubi Ma'aikatan Gidajen Burodi da Ruwan Leda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in roƙi 'yan majalisarmu na tarayya su sake duba dokar mafi ƙarancin albashi. A 2024 an mayar da shi naira 70,000, amma duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, dokar ba ta hau kansa. To, a nan Katsina gidajen burodi da na ruwan leda nawa ne suka kai haka?

Ƙanena ya shekara uku yana ɗaurin ruwan leda, daga asuba har magariba, ko takardar ɗaukar aiki babu, alhali Dokar Ƙwadago ta ce a bayar cikin wata uku. Ranar da inji ya datse masa yatsa, wallahi kuɗin mota kawai aka miƙa masa. Har yau yana gida.

Naka,
Wani mai karatu daga Ƙofar Marusa, Katsina