Wasiƙar Kirsimeti daga Dresden

Dresden, Jamus
24 ga Disamba

Zuwa ga Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da dukan mutanen gida. Mu a nan lafiya ƙalau muke, ni da maigida da jikokinku, sai dai sanyi da kewarku. Barkanmu da ganin wata Kirsimeti, Allah ya maimaita mana.

Yaya ya shaida mini cewa ƙunshin da na aiko ya iso, kuma da Mama ta buɗe ta ga tarin takardu masu tsini da wasu 'yan abubuwa na kara, sai ta ce a tambaye ni ko maganin me ne. Wannan ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta bayani a tsanake, domin a waya kowa yana son ya yi magana, ba a kai ƙarshen zance. Kayan adon Kirsimeti ne, kuma babu ko ɗaya a ciki da ba mu yi da hannunmu ba.

Ƙawata gida a wannan lokaci ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar nan, kuma dalilin farko shi ne duhu. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Dresden sai wajen ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuwa ta faɗi, saboda haka yara suna fita makaranta fitilun titi na ci. Shi ya sa yawancin adon nasu haske ne, kuma a taga ake sa shi domin mai wucewa ma ya samu rabonsa. A kudu da mu, a kan iyakar ƙasar Czech, akwai tsaunukan Erzgebirge inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙar azurfa da kuza. Mahaƙa kan shiga rami tun gari bai waye ba, ba su fitowa sai duhu ya sauka, har mutum ya yi makonni a hunturu bai sa rana a idonsa ba. Daga wajensu aka samo wani abin ado mai siffar baka da ake jera kyandirori a kansa a ajiye a taga, kuma mafi daɗewa da aka sani irinsa na ƙarfe ne, an ƙera shi a garin Johanngeorgenstadt a 1740. Da ma'adinan suka ja baya, mutanen yankin sun koma sassaƙa da yin kayan wasan yara na katako, har garin Seiffen ya yi suna da wannan sana'a. Kayansu ne suka cika rumfuna a Striezelmarkt, kasuwar Kirsimeti ta birnin nan da ake ci tun 1434. Wannan baka kam sai masu zarton aikin, saboda haka namu maƙwabciyarmu ce ta ara mana.

Abin da muka fara haɗawa shi ne kambin ganye mai kyandir huɗu, wanda ake ajiyewa a kan tebur tun Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti. Siffarsa kamar babban gammo take. Ana samun zoben ciyawa, a yanka rassan bishiyar fir, mai ganye kamar allura, gajeru, tsawon taƙi ɗaya, a riƙa ɗora su ɗauri-ɗauri ana naɗe su da siririyar waya, kowane ɗauri yana rufe gindin na gabansa har a zagayo inda aka fara. Kowace Lahadi ana ƙara kunna kyandir ɗaya. Wani malamin coci mai suna Johann Hinrich Wichern ne ya fara yin sa a Hamburg a 1839, a gidan da yake riƙon yaran talakawa, waɗanda suka dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti za ta zo. Sai ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki ya kafa mata ƙananan jajayen kyandirori na ranakun mako da manyan farare huɗu na Lahadi, domin yaran su riƙa ƙirga da idonsu. Na gane halin da malamin nan ya shiga, domin ƙaramin jikanku ma tun watan Nuwamba yake wannan tambaya safe da yamma.

Takardun nan masu tsini kuwa tauraro ne guda ɗaya, kuma shi na fi so ku ji labarinsa. A gabas da mu akwai wani ƙaramin gari mai suna Herrnhut, wanda wasu Kirista da suka gudo daga yankin Moraviya saboda tsanani suka kafa a 1722. Cocinsu ya shahara da aika 'yan mishan zuwa wurare masu nisa, irin su tsibiran Karibiyan da Girinlan da Afirka ta Kudu, kuma idan 'ya'yansu suka isa shiga makaranta sai a dawo da su Jamus a sa su a makarantun kwana, wasu su yi shekaru ba su ga iyayensu ba. A waɗannan makarantu ne aka fara haɗa tauraron a ƙarni na 19, a matsayin aikin darasin lissafin siffofi, daga baya yaran suka riƙa rataya shi a ɗakunansu idan Kirsimeti ta gabato. A 1897 wani ɗan kasuwa mai suna Pieter Hendrik Verbeek ya fito da irin wanda ake iya wargazawa a aika ta gidan waya, wanda ya karɓa ya haɗa da kansa. Da na ji wannan tarihi sai na ce ai abin namu ne, sai dai su iyayen ne suka yi nisa, mu kuwa 'ya'yan ne. Maigida ya zana siffofin a kwali, ni na yanka na naɗe, babbar jikarku ta shafa gam. Mun yi biyu iri ɗaya, fari da ja, ɗaya yana rataye a tagarmu, ɗaya kuma shi ne a hannunku.

Ina roƙon Yaya ya kula da yadda ake haɗa shi. Tsinayen 25 ne, 17 masu gindi mai kusurwa huɗu, 8 masu kusurwa uku. A fara jera masu kusurwa huɗu guda takwas gefe da gefe, ana maƙala su da ƙananan maƙalan tagulla da ke cikin ambulan, waɗanda ake zura su a huda a buɗe ƙafafunsu ta ciki, har su zama zobe. Sannan a rufe ƙasan zoben, ana sa mai kusurwa huɗu a bi shi da mai kusurwa uku har a zagaye, a toshe tsakiya da wani mai kusurwa huɗu. Saman ma haka za a yi, amma a bar tsakiyarsa a buɗe, domin ta nan wayar fitila za ta shiga. Idan aka ga masu kusurwa uku guda biyu sun haɗa gefe, to an kauce, sai a kwance a sake. Kada a sa masa kowane irin ƙwan fitila sai na LED wanda ba ya zafi, tun da jikinsa duk takarda ne. Aikin yana son haƙuri, musamman maƙalan ƙarshe da sai hannu ya shiga ciki, saboda haka a bar wa Auta wannan, tun da hannunta siriri ne.

'Yan abubuwan kara kuma ƙananan taurari ne na karan alkama, waɗanda maƙwabciyar tamu ta koya mana. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ta girma a zamanin Jamus ta Gabas, kuma ta ce a lokacin kyawawan kayan sassaƙa yawanci ƙasashen waje ake kai su, saboda haka kowane gida ya iya yin nasa adon da abin da ya samu. Ana jiƙa karan a ruwan ɗumi kamar rabin awa domin kada ya karye, a tsaga shi da wuƙa, a buɗe shi a goge da dutsen guga har ya kwanta. Idan aka ɗan daɗe da gugar sai ya yi ja, ta haka ake samun launi biyu ba tare da fenti ba. Sai a gicciya su a kan juna, a danne tsakiya da babban yatsa, a bi da zare sama da ƙasa ana zagayawa, a ƙulle, a gyara bakunan da almakashi. Yatsun tsohuwar nan sun kumbura da ciwon gaɓoɓi, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa, amma da zarar ta kama zaren sai ka ga tauraro ya fito tana ta hira ba ta ko kallonsa. Ta gaya wa yaran cewa karan yana tuna mana da ciyawar komin dabbobi inda aka kwantar da Mai Ceto, siffar kuma tauraron da ya ja masanan gabas zuwa Baitalami. A cikin waɗanda na aiko, masu ɗan karkata na jikokinku ne, kuma sun hana ni gyara su.

Akwai kuma na kwaɓin gishiri, wanda shi ne ya fi sauƙi ga yara. Kofi biyu na fulawa ake haɗawa da kofi ɗaya na gishiri da kofi ɗaya na ruwa, a murza shi ya yi faɗi, a yanka siffar da ake so, a huda sama da tsinke domin zare, sannan a busar a wuta kaɗan-kaɗan har ya ƙanƙare. Farin faifan nan mai shaidar tafin hannu na ƙaramin ne, domin Mama ta ga yadda ya girma. A nisanta su daga bakin ƙananan yara saboda yawan gishirin, kuma bayan biki a adana su a gwangwani mai murfi, domin gishiri yana jan laima, sai su yi laushi. Mun kuma yayyanka lemon zaƙi siri-siri muka busar, muka zura a zare tare da sandunan kirfa, wasu lemukan kuma muka soka musu kanumfari a jiki. Waɗannan ban aiko ba, amma su ne suka cika gidan da ƙamshi.

Ba wai kasuwa ta rasa kaya ba ne. Akwai ƙwallayen gilashi masu sheƙi da aka fara hurawa a garin Lauscha tun tsakiyar ƙarni na 19, waɗanda ɗan kasuwar Amurka Woolworth ya fara sayarwa a kantunansa wajen 1880, daga nan suka bazu a duniya, kuma na gaske aikin gwaninta ne da ya cancanci yabo. Abin da ban cika so ba shi ne na roba da ake sayarwa kwali-kwali, duk launi ɗaya, a rataya su cikin minti goma, gidan kowa ya koma kamar na kowa. Wasu kuma suna lulluɓe baranda da fitilu masu walƙiya har ido ya gaji. A ganina abin da na lura da shi a tarihin kayan nan ya isa hujja: kambin na yaran talakawa ne, bakan na mahaƙa ne, tauraron na yaran da ke kewar iyayensu ne, babu wanda ya fito daga yalwa. Mu ma da muka zauna a tebur ɗaya da yamma muna yanka da ɗauri, babu mai riƙe da waya, yaran sun yi ta tambaya a kanku, wa ya koya mini ɗinki, wa ya fi haƙuri tsakanin Kaka da Kaka, me Baba yake yi da yamma. Irin wannan hira ba ta samuwa a sauran watanni, domin kowa yana gudun aiki da makaranta.

Da safiyar yau muka kafa bishiyar Kirsimeti, domin a tsohuwar al'adar ƙasar nan sai ranar 24 ake yi mata ado, kuma da daren yau ne suke babban taron iyali bayan an dawo daga sujada. Har yanzu akwai masu maƙala kyandir na gaske a jikin rassa, tsohuwar tana cikinsu, ga bokitin ruwa a gefe. Mu dai na lantarki muka sa, domin ganyen yana bushewa da sauri a ɗaki mai ɗumi, kuma kowace shekara 'yan kwana-kwana suna jan kunnen jama'a a kan haka. Ko kyandirorin kambin ba ma barin su suna ci idan babu babba a ɗakin. Mun gayyaci tsohuwar ta yi daren yau tare da mu, tun da 'ya'yanta suna wani gari mai nisa, kuma ta amsa.

Adon zai zauna har wajen 6 ga Janairu, ranar tunawa da zuwan masanan gabas, bayan nan ma'aikatan birni su kwashe bishiyoyin da aka fitar. Naku tauraron ma idan an sauke shi ba sai an wargaza ba in akwai wurin ajiya, amma idan za a kwance, a zura tsinayen cikin juna domin kada bakinsu ya lanƙwashe. Ina roƙo a ɗauko mana hotonsa idan an rataya, tare da Baba da Mama a ƙarƙashinsa, domin yaran sun ce sai sun gani da idonsu za su yarda ya haɗu.

A gaishe mini da Kawu da Gwaggo da iyalansu, da Yaya da matarsa, da Auta, da duk wanda ya tambaye mu. Maigida yana miƙa gaisuwarsa cikin ladabi, jikokinku kuma suna cewa barka da Kirsimeti. Gobe bayan sujada za mu kira, a tabbatar wayar Yaya tana da caji. Ku ci gaba da sa mu a addu'a, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya kai mu sabuwar shekara lafiya.

Taku cikin biyayya,
'Yarku