Ɗana ba ya iya jure ƙara, ina neman shawara

Assalamu alaikum Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan shiri, ina rubuto maka ne daga Gwammaja a kan ɗana mai shekara 6, wanda ƙarar da sauran yara ba sa ko kula da ita take tayar masa da hankali matuƙa.

Da zarar maƙwabta sun tayar da janareta, ko an kunna injin markaɗe, ko mai a-daidaita-sahu ya danna hon a bakin layi, sai ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya durƙushe yana kuka, yana cewa abin yana sukarsa a cikin kai. Ranar da aka kai shi kallon hawan Sallah, bindigar farko da aka harba ta sa sai da mahaifinsa ya saɓo shi zuwa gida, kuma ya kwana yana firgita. Abin da ya fi damuna shi ne Islamiyya, domin karatun da yara suke rerawa tare ya fi ƙarfinsa, har malaminsa ya ɗauka ƙiwa ce.

Surukata ta ce iska ce, aka yi ruƙiyya da hayaƙi. Ƙannen babansa kuwa sun ce shagwaɓa ce, a bar shi cikin ƙarar har ya saba. Ni da nake kwana nake tashi da shi na san ba da gangan yake yi ba.

Mun kai shi wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, bai ga ciwo ko ruwa a bayan dodon kunne ba, gwajin ji kuma ya nuna yana ji daidai. Ya bayyana mana cewa matsalar tana ga yadda ƙwaƙwalwa take karɓar sauti, kuma an fi ganinta ga yara masu larurar galahanga, wato autism a Turance, ko da yake ba su kaɗai take samu ba.

Inda na rasa madafa shi ne abin rufe kunne da na saya masa. Yana samun sauƙi idan ya sa, amma an gargaɗe ni cewa yawan sa shi yana ƙara wa kunne rashin juriya, kuma an fi son a saba masa da sauti kaɗan-kaɗan. Na lura idan na gaya masa kafin in kunna injin, ko shi da kansa yake murɗa ƙarar rediyo, yana daurewa. To, a wane lokaci ya kamata ya sa abin, kuma minti nawa zan riƙa yi masa wannan sabo a kullum? Shin in kai shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a duba batun galahanga, ko mu fara zuwa cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna? Sannan da wane lafazi zan fahimtar da malaminsa da surukata ba tare da na ɓata wa kowa ba?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka daga Gwammaja, Kano