Wasiƙa daga Kumasi zuwa ga Yaya, kan maganar gonar gyaɗa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, da kai da iyali da Inna, kamar yadda muke lafiya a nan Aboabo. A gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, ciwon ƙafar nan ya sake ni, na koma kasuwa tun makon jiya.

Bayan haka, saƙonka ya iso ni, kuma wallahi ya hana ni barci. Ka ce gyaɗar gonar jigawa ta yi ganye shar, kowa ya wuce sai ya yi masha Allah, amma da aka cire aka ɓare sai kusan rabinta fanko. Ka ce kana zargin irin da ka saya. Mai yiwuwa iri yana da nasa laifin, amma ni a ganina ƙasar ce ta gaji, kuma mu muka gajiyar da ita. Ka yi haƙuri, ƙaninka ne ke gaya maka, kai kake riƙe da fartanya ni ina riƙe da awo. Sai dai shekarun da na yi ina sarin gyaɗa daga wajen Tamale da Ejura ina kawowa Kumasi sun nuna mini abin da ban gani ba muna gida.

Akwai wani dattijo Badagombe da nake saye a hannunsa. Bara na je har gonarsa lokacin da gyaɗa ke fure. Ya tumɓuke tushe ɗaya, ya kakkaɓe ƙasar, ya nuna mini ƙananan ƙuraje a jikin saiwar, kamar ƙwayar gero. Ya murƙushe guda da farce, sai ga cikinta ja-ja. Ya ce muddin cikin ya yi wannan launi, gyaɗa tana haɗa wa kanta abincin ganye daga iska, har ta bar wa masarar baɗi saura. Yaya, a nan na gane kuskurenmu. Yuriyar da kake raga wa gyaɗa bayan ka ba gero, ganye take ƙara mata, ba ƙwaya ba. Abin da gyaɗa ke nema shi ne takin sufa, a sa shi tun wajen huɗa ko shuka, domin yana ƙarfafa saiwa, kuma yana ɗauke da sinadarin kalsiyam. Ita kuwa ƙwayar gyaɗa a cikin ƙasa take shan wannan sinadari da ɓawonta, daga ƙasar da ke kewaye da ita. In babu shi a saman ƙasa, ko ruwa ya ɗauke daidai lokacin da take cika, ɓawo zai fito da kyau amma ciki wayam. Jigawa kuma ka san halinta, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki.

Yanzu ka lissafa tare da ni. Shekara nawa a jere muna zuba gyaɗa a wannan gonar? Ni na ƙirga huɗu. Duk shekara mu cire gyaɗa, mu ɗaure harawa mu kai kasuwa, kara a kwashe a yi danga ko a hura wuta, abin da ya rage a tara a ƙone wajen sharar gona. Iskar hunturu ta zo ta tarar da ƙasa tsirara ta kwashe samanta. Me muka mayar mata? Marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa, ba haka yake yi ba. Na tuna yadda tun rani yake sa mu jigilar takin turke da toka da bola a mangala, jaki ya yi sawu ya yi sawu har sai an jera tsibi-tsibi daga wannan iyaka zuwa waccan. In Fulani sun sauka yakan ba su dawa su kwana da shanunsu a gonar. Kuma bai taɓa yarda a sare gawon nan biyu ba, saboda da damina yake zubar da ganye, hatsin da ke gindinsa kullum ya fi na ko'ina tsayi. Mu a lokacin wahalar kawai muke gani.

Dattijon nan da na faɗa maka, shi ma juyi yake yi: bana gyaɗa, baɗi masara ko dawa. Maƙwabcinsa kuwa ya nace wa gyaɗa a wuri guda saboda tana kuɗi, kuma ni da nake auna kayansu na san bambancin. Buhun dattijon in ka ɗaga sai ka ji shi a ƙugu, na ɗayan kuwa cika ido ne kawai, matan da ke soya mai da ƙuli-ƙuli a zango da zarar sun damƙa sun murza sai su tura shi gefe. Nan garin ba a wasa da gyaɗa. Asantawa suna kiranta nkate, miyarta suke ci da sakwara, kuma mai saye ya san mai kyau.

Sai maganar tazara. Mukan shuka gyaɗa da nisa don iri ya isa, alhali in ta yi kusa-kusa, kamar taƙi ɗaya tsakanin rami da rami a kan kunya, da wuri take rufe ƙasa, laima ta zauna, ciyawa ta rasa wurin fitowa. Ƙwarin nan masu tsotsar ganye da ke kawo kuturtar gyaɗa ma sun fi faɗa wa gonar da aka shuka a makare, mai fili-fili. Ka tuna labarin da Baba ke ba mu na shekarar 1975, da wannan cuta ta cinye gyaɗar Arewa, bayan Kano ta yi suna da dalar gyaɗa. Saboda haka da ruwa ya zauna a shuka, kada a jira a gama da gero. In kuma ta fara sakin zaren nan daga fure yana nutsewa cikin ƙasa, a ajiye fartanya, yara su bi da hannu su cire ciyawa.

Na tura maka kuɗi ta hannun direban da ya saba kawo saƙo. Roƙona shi ne a raba su uku. Kashi ɗaya a sayi takin sufa. Kashi ɗaya a nemi iri mai kyau, ka tambayi malamin gona ko za a samu SAMNUT 24, wadda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya ta fitar. Tana nuna cikin kusan kwana 90, tana jure wa kuturta, kuma tana ba da harawa. Na ukun kuwa a sayi tunkiya biyu a ɗaure a gida, su ci harawarmu, kashinsu ya koma gona. Bana a kai gyaɗar zuwa gonar bayan gari inda aka yi dawa bara, ita jigawar a sa mata gero da wake, a cika ta da takin gida gwargwadon iko. In an cire gyaɗar kuma kada a shanya a ƙasa mai danshi, a shimfiɗa tamfol ta bushe sarai kafin a sa a buhu, domin funfunar da ke kama ta guba ce ga yara.

Idan kana da wani ra'ayi dabam ka gaya mini, kai ne a kan gonar. In Allah Ya yarda ina nan tafe bayan Babbar Sallah, sai mu zaga tare. A gaida Inna da kyau a ce ta sa ni a addu'a, a gaida Kawu da matarka da yara duka.

Wassalam.

Ni ne ƙaninka,
daga Aboabo, Kumasi.