Littafin Mai Kallon Tsuntsaye da Kundin 'Yan Siyasa

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku mai albarka domin in yi magana a kan kallon tsuntsaye, sha'awar da wasu ke ɗauka aikin wanda ya rasa abin yi. Na daɗe ina rubuta kowane tsuntsu da na gani da ranar da na gan shi, ina kuma karanta kundin da 'yan siyasa ke rubuta al'amuransu na kullum, har na lura cewa mai kallon tsuntsaye da ɗan siyasa duka suna adana abin da ido ya gani kafin mantuwa ta cinye shi, sai dai ɗan siyasa yakan gyara labari domin kare kansa, ita kuwa tsattsewa ba ta neman ƙuri'ar kowa.

Irin wannan ƙirge na haƙuri ne ya nuna cewa ungulu na ƙarewa a Indiya, inda yawan wasu nau'o'inta ya ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, saboda cin mushen shanun da aka bai wa daikulofenak, wani maganin rage ciwo da kumburi. Gwamnati ta haramta bai wa dabbobi maganin a 2006.

Shugaban Amurka Theodore Roosevelt, wanda shi ma mai kallon tsuntsaye ne, ya keɓe wani tsibiri a jihar Fulorida a 1903 domin kare kwasakwasa daga mafarautan gashin tsuntsu. Ina roƙon ku ware shafi na musamman kan namun daji da jin daɗin dabbobi, ko da sau ɗaya ne a wata.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum