Sau Uku Ina Fara Rubuta Dayari, Sau Uku Ina Bari

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin neman shawararki a kan wani abu da wasu za su ga bai taka kara ya karya ba, amma ni ya daɗe yana damuna. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, kuma ma'aikaciya. Sau uku ke nan ina sayen dayari da niyyar in riƙa rubuta abin da ya faru da ni da abin da ke cikin raina kowane dare, amma kullum sai abin ya zame mini wutar kara, ya kama da ƙarfi ya mutu kafin a cika wata guda.

Abin da ya ja ra'ayina tun farko shi ne binciken wani masanin halayyar ɗan'adam na ƙasar Amurka, James Pennebaker, wanda aka wallafa a shekarar 1986, inda ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya taɓa ɓata musu rai, na minti 15 a kowace rana har kwana huɗu a jere, aka kuma ga zuwansu asibiti ya ragu a watannin da suka biyo baya. Ni ma na ga amfanin hakan, domin duk daren da na zube damuwata a takarda nakan yi barci mai daɗi. Matsalar ita ce, idan kwanaki suka yi kyau, ba ni da wani ɓacin rai, sai in zauna da biro a hannu in rasa abin cewa. Daga nan sai in tsallake dare ɗaya, ɗaya ya zama biyar, shafukan da ba a cike ba, masu ɗauke da kwanan wata a samansu, su koma mini kamar bashi. Wanda ake bi bashi kuwa kin san ba ya son haɗa ido da mai binsa, haka nake kauce wa littafin har ya ɓace a ƙarƙashin tarin takardu.

Na karanta cewa Phillippa Lally da abokan aikinta a jami'ar UCL ta Landan sun gano cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, a wurin wasu kwana 18, a wurin wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Kaina ya yarda da wannan, amma zuciyata ta ƙi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. A karo na biyu, na shigo ɗaki na tarar da 'yata tana buɗe littafin tana neman farar takarda ta yi zane. Ba ta iya karatu ba tukuna, amma tun daga ranar na fara tunanin abin da zai faru idan maigidana ne ya buɗe, ya ci karo da abin da na rubuta cikin fushi, abin da ni kaina na manta da shi washegari. Sai na fara tace kalamaina, ina rubutu kamar wani na leƙe ta bayana. Dayarin ya koma jerin ayyukan gida da na ofis, kuma gaskiya ni ma da na rubuta shi gundurata yake yi. Na gwada manhajar waya mai kalmar sirri, sai dai da zarar na ɗauki wayar saƙonni sukan janye ni, rabin awa ta wuce ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Malama, ina roƙon ki ba ni shawara: shin wajibi ne sai an rubuta kullum, ko kuwa sau biyu ko uku a mako ya isa? Me mutum zai rubuta a ranar da babu wani abin kirki da ya faru? Abin da na fi son jin ra'ayinki a kai shi ne batun sirri. Shin in gaya wa maigidana cewa ina da irin wannan littafi in roƙe shi kada ya taɓa, ko hakan zai sa masa zargin da babu shi a da? Wata ƙawata ta ce in riƙa yage shafukan fushi bayan na rubuta su, amma ina jin idan na yi haka, abin da zan karanta nan da shekara goma ba zai zama rayuwata ta gaskiya ba.

Na sayi dayari na huɗu, wannan karon marar kwanan wata, yana nan ban buɗe shi ba ina jiran amsarki.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Taki,
Mai bibiyar filinki a kullum