Mun kai Inna gidan kula da tsofaffi, amma zuciyata ta ƙi natsuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malama, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da masu sauraron wannan fili, na rubuto ne daga Birnin Kebbi domin neman shawara a kan mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ni ce ɗiyarta ta fari, ina koyarwa a makarantar firamare, kuma mu uku Allah ya bar mata: ni, da ƙanwata da ke aure a Yawuri, da autanmu da ke aiki a Abuja.

Inna mutuniyar Argungu ce, shekarunta 79, kuma da turara shinkafa tana sayarwa ta rene mu bayan rasuwar mahaifinmu. A shekarar 2021 ne mantuwa ta fara kama ta. Sai ta ɗora tukunya ta tafi ta kwanta, ko ta sallaci la'asar sau uku, ko ta ce jikokinta sun sace mata zane alhali yana ɗaure a jikinta. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, har wasu marasa tsoron Allah suka fara raɗe-raɗin maita a kan matar da duk unguwa ta ci tuwonta. Sai da muka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato sannan likita ya bayyana mana cewa ciwon mantuwa ne irin na tsufa, wanda ƙwaƙwalwa ke lalacewa sannu a hankali, kuma maganin da ake bayarwa sassauci kawai yake kawowa, ba warkarwa ba. Ya kuma gargaɗe mu cewa rikicewar takan tsananta da faɗuwar rana, kuma haka muka gani.

Shekara biyu da 'yan watanni tana gidana. Wata asuba cikin hunturu muka wayi gari ɗakinta a buɗe, sai hantsi aka tsince ta kusa da tashar mota, ƙafa ba takalmi, tana roƙon a kai ta Argungu domin ta bar jaririnta bai sha nono ba. Ba a daɗe ba ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, kwanciya ta kama ta, gyambo ya buɗe a bayanta, ga ciwon suga yana hana shi kamewa. Ma'aikaciyar jinya ta ce sai an riƙa juya ta duk bayan awa biyu, dare da rana. Na yi iya ƙoƙarina, Allah shi ne shaida, amma ga makaranta da safe, ga 'ya'ya biyar, kuma yarinyar da muka ɗauka ta taya ni ko wata ba ta cika ba ta tafi.

A nan ne ƙanena ya samo wani gidan kula da tsofaffi mai zaman kansa a Abuja, ya ɗauki nauyin kuɗin, wanda na wata guda ya fi albashina. Na amince ina kuka. Yau wata takwas ke nan, kuma ba zan zalunci mutanen nan ba: wurin yana da tsafta, gyambon ya warke, ana auna sugarta kullum, an yi mata gashin ƙashi har tana iya zama a keke.

Abin da na gani a zuwana na ƙarshe shi ya hana ni barci. Na kwashe yini guda a mota, ta Jega da Yawuri da Kontagora, na iske Inna an ajiye ta gaban talabijin da ake magana da harshen da ba ta ji, kanta ba ɗankwali, matar da ko mu 'ya'yanta ba mu saba ganin gashinta ba. Farantin taliya na gefenta ya huce ba ta taɓa ba. Da na buɗe kwanon tuwon shinkafa da miyar kuka da na tuƙa a gidan ƙanena, ƙamshin daddawa ya bugi hancinta, sai ta miƙo hannu da kanta ta cinye malmala guda. Ma'aikaciya ɗaya ce kawai ke jin Hausa a gidan, ita ma aikin dare take yi. Carbinta sun kulle shi a durowa, wai suna tsoron kada ta haɗiye ƙwayoyinsa, kuma na fahimci uzurinsu. Wani malami ya gaya mini an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe, don haka ba ta da laifin sallar da ta wuce ta, amma da na kunna mata kiran salla a wayata sai na ga leɓunanta suna motsi suna amsawa.

Malama, kin san kunyar ɗan fari a ƙasarmu. Tunda Inna ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce "ke" ko "waccan". Ma'aikaciyar daren nan ta shaida mini cewa sunana take kwana kira.

Dangi kuwa sun juya mana baya. A wani suna da aka yi a Argungu, Kawu, ƙanen Inna, ya ƙi amsa gaisuwata, ya ce a gaban jama'a mun jefar da yayarsa kamar tsohuwar ƙwarya, ko da yake shekara biyun da ta yi a hannuna sau ɗaya ya leƙo. Maganarsa ba ta kai mini zafin aya ta 23 a Suratul Isra'i ba, inda Allah ya ambaci iyaye idan tsufa ya riske su "a wurinka". Wannan kalma ce nake juyawa a raina kullum. Shi kuwa ƙanena ya tsaya a kan cewa kyautata wa uwa shi ne a ajiye ta inda jikinta zai samu lafiya, kuma idan na dawo da ita gyambon ya sake buɗewa, alhakin yana wuyana. Maigidana, Allah ya saka masa, ya ce ɗakinta na nan, kuma ba zai hana ni ajiye aiki ba idan na zaɓi haka, sai dai mu duka mun san albashin nan yana cikin abin da ke riƙe da gidan.

Ina roƙon ki taimake ni da amsa, ko ki miƙa tambayata ga malamai da likitocin da kike gayyatowa. Shin barin ta a can saboda lafiyar jikinta yana cikin saɓa wa iyaye? Idan kuma dawo da ita ya fi, ta yaya zan shawo kan ƙanena ya karkatar da kuɗin nan zuwa ɗaukar ma'aikatan jinya biyu mata da za su riƙa karɓa-karɓa a gidana, ba tare da zumuncinmu ya tsinke ba? Kuma tsohuwa mai irin wannan ciwo, sake canja mata wuri da wannan doguwar tafiya ba zai ƙara rikita ta ba? Hutun makaranta ya kusa, kuma ina so in yanke shawara kafin in koma wurinta.

Wassalam,
'Yar'uwarki daga Birnin Kebbi.