Zuwa ga ɗana da ya ce zai gina mana zauren zikiri

Assalamu alaikum, ɗana. Ina gajiyar hanya, ya iyali?

Ranar taron zumuncinmu na bayan Sallah ka miƙe a gaban dangi ka ce: "Goggo, har yaushe za ku yi ta yawo gida-gida da tabarmi kuna zikiri? Me zai hana ku yi rajista, ku buɗe asusu, mu 'ya'yanku mu haɗa kuɗi mu gina muku zaure naku na kanku?" Jama'a suka yi ta sa maka albarka, ni ma na sa, don na san zuciyar da ta yi maganar. Na ce a ba ni lokaci. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, bari amsar ma kowa ya ji ta. Ba ma son ginin, kuma ba raini ba ne.

Kai namiji ne, ba ka taɓa ganin zaman ba sai dai ka ji labari. Duk Alhamis bayan La'asar muke haɗuwa, mu 15 zuwa 20, a tsakar gidan wadda layi ya zo kanta. Kowa ta zo da alwalarta da carbinta. Wayoyi a kashe, a zuba cikin ƙwarya a bakin ƙofa. Istigfari 100, salatin Annabi (SAW) 100, hailala 100, murya ƙasa-ƙasa yadda ko wanda ke zaure ba zai ji ba. Daga nan sai shiru na kamar kwata, kowa ta sunkuyar da kai tana tafakkuri. A wurina wannan shirun shi ne zuciyar zaman. Macen da tun asuba take kan ƙafarta, ga murhu, ga wanki, ga yara, ga sana'a, ba ta da wani lokaci a mako da babu mai kiran sunanta sai wannan. Na sha ganin mace ta shigo fuska a ɗaure kamar hadari, mintin farko tana ta juyi, can sai ka ga kafaɗunta sun sauka, hawaye na zuba ba ta ce uffan ba. Allah Ya faɗa a Suratur Ra'ad, aya ta 28, cewa da ambatonSa zukata ke natsuwa. Kafin kiran Magariba kowa ta koma ɗakinta.

Abin da gini ba zai iya ba shi ne tafiya. Idan ɗayarmu ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10 tana zaune a gida, layi yakan karye a koma wurinta sau da yawa. Lokacin da mijina ya rasu, 'yan gaisuwa sun cika gida har sadakar bakwai, bayan arba'in kuwa ɗif, kamar an yi ruwa an ɗauke. Dare ya yi mini tsawo, abinci ya fita raina. Matan nan ne suka riƙa shigowa da tabarminsu, ba su yi mini wa'azi ba, ba su ce in daina kuka ba, suka zauna kusa da ni muka ja carbi. Da a ce zaure muke da shi a bakin titi, da can za su tafi su yi mini addu'a daga nesa, ni kuwa in kwana da bango. Haka mai jego, haka mai jinyar tsohuwa, haka wadda mijinta ya yarda ta shiga maƙwabta amma ba zai bar ta ta hau abin hawa zuwa wata unguwa ba.

Maganar kuɗi kuwa mun taɓa ɗanɗana ta. Wata shekara muka sa karo-karo don sayen darduma da lasifika. Ba a rufa wata shida ba sai ga anko, sai ga masu masauki suna gasar girki, wannan ta yi waina, ta gaba ta yanka kaji. Mata uku suka daina zuwa. Da na bi ɗaya gida, ta ce mini layi ya kusa zuwa kanta, ita kuwa ko na cefanen ranar ba ta da shi. Kunyar da na ji ranar har yau ba ta sake ni ba. Muka mayar wa kowa kuɗinta, muka kafa doka: mai masauki ruwan randa kawai za ta bayar. Ita ce dokar da ta riƙe mu har yau. Rajistar da kake faɗa, ka fi ni sanin abin da hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ke nema: amintattu, kundin tsarin mulki, sanarwa a jaridu, rahoto duk shekara. Ga ƙungiyar marayu ko makaranta hakan daidai ne, don dukiyar jama'a ce a hannunsu. Mu da ba ma riƙe ko sisin kowa, shugaba da ma'aji za su kawo mana abin yin gardama ne kawai.

Kuma ba mu muka fara ba. Musulmin farko a gidan Arƙam ɗan Abil Arƙam suke haɗuwa da Annabi (SAW) a Makka, kusa da dutsen Safa. A nan Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira mata su sami gini ba. Ta naɗa jajoji, wato mata jagororin karatu, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle, suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu da waƙoƙi a wurinta, su koma su koyar a tsakar gidajen mata. Su ne 'Yan Taru. Kyautar da suka kawo mata, hatsi ne ko zuma ko man shanu, rabar da ita take ga mabuƙata. Ba na haɗa kanmu da su, ina ƙafa ina kai, amma sawunsu muke bi.

Akwai inda tsoronka ke da gaskiya. Zama babu malami yana iya karkacewa. Shi ya sa ba ma ba da fatawa, ba ma fassara mafarki, ba ma ba da magani. Tambayar addini mukan tara ta mu kai wa malamar Islamiyyarmu. Akwai wadda muka lura damuwarta ta wuce ta zaman duniya, ba barci, ba ci, tana magana ita kaɗai. Muka sami mijinta ta hannun yayarsa, aka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Tana shan maganinta, tana kuma zuwa zikiri, ba mu taɓa ce mata ɗaya ya wadatar da ɗaya ba.

Idan niyyar taimakon tana nan, ga inda za ta shiga. Tabarminmu biyu sun mutu, butoci ma sun fashe. Sannan akwai tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a cikinmu, ciwon gwiwa ya zaunar da ita, wata uku ke nan sai in layi ya zo gidanta take samun zaman. Duk Alhamis ɗin da kake gari, ka zo da motarka da ƙarfe 4 ka kai ta, ka dawo da ita kafin Magariba. Wannan makon a gidan mai takabar bayan masallaci za mu zauna. Ka gaya wa matarka idan tana so ta biyo ku, ta zo da carbinta.

Allah Ya yi maka albarka.

Goggonka.